Rukuɓu a Ɗakin Gwaji: Me Ruwan Itanol Ke Tsamowa?

Daga cikin tsirran da kan fito da kansu a ƙasar Damagaram da zarar damina ta sauka, a gefen gonakin gero da kan juji da bakin tafkunan birnin Zinder, akwai alayyahun daji, wato rukuɓu ko zaƙi-banza, wanda masana tsirrai ke kira Amaranthus viridis, da kuma ɗan'uwansa mai ƙaya, Amaranthus spinosus. Mata kan dafa ganyen su kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, musamman a tsakar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, masu maganin gargajiya kuwa a sassan Afirka ta Yamma kan dandaƙa ganyen mai ƙayar su ɗaura wa maruru. Tun a 1916 likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen irin waɗannan tsirrai da Hausa a cikin ƙamusunsa.

Hanyar masu bincike na zamani ta sha bamban da ta tukunya. Sukan shanya tsiron a inuwa, su niƙa shi, su jiƙa garin na wasu kwanaki cikin itanol, wanda shi ne sinadarin da ke sa maye a cikin barasa, domin yana narkar da wasu abubuwan da ruwa ba ya iya tsamowa sosai. Bayan an tace, sai a ɗumama ruwan har itanol ɗin, wanda ke tafasa a ma'aunin zafi 78, ya tashi ya bar wani abu mai kauri da danƙo, kuma wannan ragowar ce ake gwadawa. Saboda haka batun shan barasa bai ma taso ba. Wasu kan yi aikin da metanol, wanda guba ne mai makantarwa har ma da kisa, abin da ya isa ya hana kowa kwaikwayon aikin a gida.

A cikin ragowar an samu sinadaran da ake kira filabonoyid, irin su rutin da kwasetin, waɗanda ke rage lahanin da iskar oksijin kan yi wa ƙwayoyin halittar jiki. Gwaje-gwajen da aka yi a Indiya sun nuna cewa tsamen mai ƙayar ya rage ɓarnar hanta a jikin ɓerayen da aka ba su guba da gangan, wasu kuma sun ga ya sauke sukarin jinin ɓerayen da aka sa wa ciwon sukari. A Burkina Faso, binciken da Hilou da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa tsamen mai ƙayar ya rage ƙwayoyin maleriya a jinin ɓeraye, sai dai da ruwa aka yi wannan tsamen, ba da itanol ba.

Kalmar da ta yi ta maimaituwa a nan ita ce ɓera, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ana auna abin da ake ba dabbar gwaji bisa nauyin jikinta, galibi ɗaruruwan miligiram ga kowane kilo, kuma kafin a kira wani abu magani sai an gwada shi a kan mutane mataki-mataki, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Rukuɓu bai kai wannan matsayi ba, don haka mai tallar da ke kafa hujja da "binciken masana" a kasuwar Dole ta Zinder ya wuce gona da iri, kuma yaron da zazzaɓi ya kama asibiti ya kamata a kai shi.

Amfanin da ba a tababa a kansa shi ne na abinci, domin ganyen na ɗauke da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Yana kuma ɗauke da okzalet, wanda yawansa kan taimaka wa tsakuwar ƙoda, da naitiret da kan sa dabbobin da suka cika ciki da tsiron rashin lafiya. Tafasa ganyen a zubar da ruwan farko yana rage su duka biyu.