Arzikin Gari Shi Ne Kuɗin da Ya Kwana a Cikinsa

Yau za mu yi magana a kan wani abu da ke damun kowane magidanci a Samaru da Sabon Gari. Kuɗi suna shigowa garuruwan nan kowane wata, amma talauci bai fita ba. Me ya jawo haka? Me kuma za mu iya yi, mu da ba mu riƙe da mulki?

Karatunmu yana cikin Littafin Irmiya, sura 29, aya 4 zuwa 7. Mutanen Yahuza suna zaman bauta a Babila. Suna tsammani gobe ko jibi za su koma gida, saboda haka ba su kwance kayansu ba. Sai Allah ya sa annabi Irmiya ya aika musu da wasiƙa, ya umarce su su zauna zama na gaske, su yi gini, su yi noma, su aurar da 'ya'yansu. Ya kuma nuna musu cewa zaman lafiyarsu yana ɗaure da na birnin da suke ciki, don haka sai su nema masa alheri. Wannan magana ta dace da mu ƙwarai, gama baƙi ne suka kafa Sabon Gari, aiki da karatu kuma su ne suka tara yawancin mutanen Samaru.

Bari mu tuna yadda aka fara. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da sauran wurare suka zauna kusa da tasha, wurin ya zama Sabon Gari. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna. Ɗaya daga cikinsu shi ne Paterson Zochonis, wanda har yau unguwar PZ take amsa sunansa. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya. Manomi ya kawo audugarsa a kan jaki, a auna, a biya shi, a gurje ta, a ɗaure, jirgi ya kai ta Ikko, daga can sai Ingila. A can ne ake kaɗi da saƙa da rini. Sa'an nan a komo da yadi da atamfa, matar manomin nan ta saya da tsada. Ku lura, 'yan'uwa: wahalar noma tamu ce, amma ribar kaɗi da saƙa ta wasu ce.

Daga baya an yi ƙoƙarin gyara wannan. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu masaƙu suka biyo baya, dubban mutane suka sami aiki. Amma Kaduna Textiles ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta tsai da aiki a 2007. Manoman auduga suka rasa babbar kasuwarsu.

Samaru kuwa ilimi ne ya gina ta. A 1922 aka fara binciken aikin gona a nan. A watan Oktoba na 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga ta fasahar fata da ƙirgi a Samaru, ga asibitin koyarwa, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964. Albashi yana sauka, ɗalibai suna zuwa daga kowace jiha da kuɗin iyayensu. Duk da haka mun ga abin da ya faru a 2020, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata tara, ga kuma annobar korona. A 2022 aka sāke yin wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗakunan haya suka zama kango. Mai abinci ta kife tukunya. Ɗan acaɓa ya wuni a bakin ƙofar jami'a ba fasinja. Wannan ya nuna mana cewa garin yana tsaye a kan ƙafa ɗaya.

To, yaya ake gane gari yana ci gaba na gaskiya? Ba da yawan kuɗin da suka shigo kaɗai ake ganewa ba. Akwai tambayoyi biyu. Ta fari, hannu nawa kuɗin suka taɓa kafin su bar gari? Ta biyu, su wa ke da gonar, da injin, da kantin, da gidan hayar?

Ga misali. Malami ya karɓi albashi, ya ware naira 10,000. In ya sayi rigar da aka ɗinka a ƙasar waje, ɗan kaɗan ne zai zauna a hannun mai kanti, sauran sun tafi ke nan. Amma a ce ya kai wa tela a kasuwar Samaru kuɗin ɗinki. Tela ya sayi masara wurin wata mata daga Bomo. Matar ta biya mai injin niƙa, ta kuma biya kuɗin makarantar ɗanta. Mai injin ya kai wa makaniki gyara a Sabon Gari. Naira 10,000 ɗin nan ba su ƙaru ba, amma sun sa tuwo a gida huɗu ko biyar. Wannan shi ne kuɗin da ya kwana a gari. Ba muna cewa a daina ciniki da waje ba, gama ba mu ƙera babur, ba mu haƙo man fetur. Abin da muke cewa shi ne, abin da maƙwabci zai iya yi da kyau, kada mu tsallake shi.

Akwai hanyoyi huɗu da za su taimake mu.

Ta fari ita ce sayayyar manyan ma'aikatu. Jami'a da asibiti da barikin soja ba sa ƙaura. Kullum suna bukatar abinci, da kujeru, da kayan makaranta, da gyaran gini. A wani gari mai suna Preston a Ingila, hukumar gari da jami'a da kwalejoji da 'yan sanda suka zauna suka duba inda kuɗin sayayyarsu ke tafiya. A shekarar 2012/13, kashi 5 cikin 100 ne kawai ke zama a garin. Suka rarraba manyan kwangiloli ƙanana ƙanana yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai iya nema. Kafin 2016/17 abin ya kai kashi 18. Ba su jira sabon kuɗi daga gwamnati ba, waɗanda ke hannunsu suka juya. Kafin mu nuna wa jami'a yatsa, bari mu dubi kanmu. Ikilisiya ma tana saye. Wa ya yi bencin majami'armu? Wa ya ɗinka kayan mawaƙa da na Zumuntar Mata? Ina aka buga takardun taronmu? Ya kamata dattawan ikilisiya su duba littafin kashe kuɗi na shekara da wannan ido. Masu sana'a kuma, ku riƙe alkawari. Kafinta mai cewa "gobe" har sau bakwai, shi ne ya kori kuɗi daga gari da hannunsa.

Ta biyu ita ce sarrafa amfani kafin a sayar. Darasin auduga ke nan. Gyaɗa a buhu kuɗinta ɗaya, amma in ta zama mai da ƙuli-ƙuli, ladan aikin ya zauna a gida. Waken soya yakan zama awara da madara da abincin kaji. Tumatir da ke ruɓewa a lokacin rani in ya yi yawa, ana iya shanya shi da tsabta a ajiye. Ajiya ma sarrafawa ce. Da kaka hatsi yakan yi araha, domin kowa yana neman kuɗi a lokaci ɗaya. Da damina ta yi tsakiya sai ya yi tsada, manomi ya komo yana sayen abin da ya sayar. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki, yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Har ila yau, irin da cibiyar IAR ke fitarwa yana ɗauke da sunan garin nan: SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa. Ana shuka su a jihohi masu nisa. Ashe ba abin kunya ba ne a ce manomin da gonarsa ke jikin shingen cibiyar bai taɓa shiga ya yi tambaya ba?

Ta uku ita ce haɗa jari. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Iyayenmu mata sun san adashi tun da daɗewa. Mata 10, kowace ta zuba naira 2,000 a mako, ɗaya ta kwashi 20,000. Adashi yana koya horon kai, amma kuɗin ba sa haihuwa, in kuma uwar adashi ta ci amana, ba wurin kai ƙara. Mataki na gaba shi ne ƙungiyar gama kai mai rajista. Tun 1935 akwai dokar irin waɗannan ƙungiyoyi a Nijeriya. Kowane mamba yana da hannun jari da ƙuri'a ɗaya, ko mai kuɗi ne ko talaka. Ana rubuta kome a littafi, ana karanta lissafi a gaban kowa, mutum ɗaya ba ya fitar da kuɗi shi kaɗai. Da haka mata 30 za su iya mallakar injin matsar gyaɗa wanda ba wadda za ta iya saye ita kaɗai.

Kada mu rena ƙaramin mafari. A garin Mondragon na ƙasar Sifen, wani limamin Katolika, Fada Arizmendiarrieta, ya buɗe makarantar koyon sana'a a 1943, bayan yaƙin basasa ya bar mutane cikin yunwa. A 1956 ɗalibansa biyar suka kafa ƙaramar masana'antar risho wadda ma'aikatanta ne masu ita. A 1959 suka kafa bankinsu. Yau ƙungiyoyin Mondragon suna ba dubun dubatan mutane aiki. Da makaranta suka fara, sa'an nan masana'anta, sa'an nan banki.

Ta huɗu ita ce buɗe ƙofa ga waɗanda aka bari a baya. A Littafin Firistoci sura 19, aya 9 da 10, Allah ya hana mai gona ya girbe gonarsa ƙaf. Dole ya bar gefe da abin da ya zube domin matalauci da baƙo su yi kala. Ku lura da hikimar wannan doka. Ba a ce a dafa a kai musu ba, an ce a bar musu wurin aiki. Ta haka Rut, gwauruwa kuma baƙuwa, ta ciyar da kanta da surukarta a gonar Bo'aza ba tare da ta yi bara ba. Mene ne gefen gonarmu a yau? Ga mai garejin mota, shi ne ya ɗauki maraya ya koya masa aiki, in ya ƙware ya sallame shi da kayan aiki. Ga mai gidan haya, shi ne ya ba gwauruwa rumfa a bakin ƙofa da haya mai sauƙi. Ga ƙungiyar gama kai, shi ne ta karɓi gurgu mai gyaran takalma da yarinyar da ta bar makaranta. Ci gaban da ya bar rabin gari a waje, katanga mai tsawo da ƙarfen taga kawai zai ƙara mana.

A nan dole mu faɗi wata gaskiya. Irmiya bai ce a nemi alherin unguwar Yahudawa kaɗai ba, birnin duka ya ce. A kasuwar Sabon Gari, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Bajju da Nufawa suna ciniki rumfa kusa da rumfa. Mahaucin da muke sayen nama wurinsa Musulmi ne, yana kuma kawo ɗansa wurin malamarmu. Mun ga rikicin Maris na 1987 da na Afrilu na 2011 sun taɓa Zariya. An yi hasarar rayuka, an ƙone wuraren sujada da dukiya. Bayan kowane rikici wasu sukan kwashe jarinsu su tafi, waɗanda suka zauna kuma su ji tsoron gina wani abu mai daɗewa. In muka ce za mu yi ciniki da 'yan ikilisiyarmu kaɗai, mun rage kasuwarmu da kanmu, mun kuma ƙara nisa tsakaninmu da maƙwabta. In maƙwabci Musulmi ba ya son rance mai ruwa, ana iya shirya ƙungiya a kan raba riba da hasara, kowa ya shiga da lamiri mai tsabta.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da muke roƙonku a wannan mako. Kowane gida ya zauna ya rubuta abubuwa 10 da yake saye kowane wata, ya ga nawa ne daga ciki ake yi a Zariya da ƙauyukanta. Ku zaɓi ɗaya ku juyo da shi gida. Mai sana'a ya yi tunanin yaro ɗaya da zai koya wa. Masu adashi su nemi jami'in ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukuma su ji yadda ake rajista. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ƙasa mai albarka da ka zaunar da mu a ciki. Ka ba mu gaskiya a mudu da ma'auni, ka ba mu aminci cikin riƙon kuɗin jama'a. Ka buɗe idanunmu mu ga gwauruwa da maraya da saurayin da ba shi da aiki. Ka ba Samaru da Sabon Gari da dukan ƙasar Zazzau salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ubangiji shi albarkace ku.