Sojojin Amurka da Suka Ɓace a Yaƙi: Yaya Ake Tunawa da Su?

A wannan makon mun leƙa Amurka ne. Idan soja ya mutu a fagen fama aka kawo gawarsa gida, iyalinsa sukan binne shi, su yi kuka, su dangana. To wanda ya tafi, ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji an kama shi ba fa? Iyalinsa ba su san ko zaman makoki za su yi ko jiran dawowarsa ba.

Amurka tana da irin waɗannan sojoji sama da 80,000. Mafi yawansu sun ɓace ne a Yaƙin Duniya na Biyu, da yawa a cikin teku. Sama da 7,000 a Yaƙin Koriya ne, sama da 1,500 kuma a Yaƙin Vietnam.

A birnin Washington akwai wani bango na baƙin dutse da aka buɗe a 1982, mai ɗauke da sunayen sojoji sama da 58,000 na Yaƙin Vietnam. Kowane suna da alamarsa. Wanda aka tabbatar ya mutu, an sa masa alama mai siffar lu'ulu'u. Wanda ya ɓace kuwa, an sa masa alama irin ta tarawa a lissafi. Ranar da aka gano gawarsa, sai a sassaƙa lu'ulu'un a kan waccan alamar. Haka kuma, kowace Juma'a ta uku a watan Satumba rana ce ta tunawa da su da fursunonin yaƙi.

Ba a tsaya ga tunawa ba, ana ci gaba da nema. Hukumar DPAA, wadda aka kafa a 2015, tana tura masana su tona wuraren da jirage suka faɗi. Ƙasusuwan da aka samu akan kai su ɗakin bincike a Hawaii, a duba haƙora, a kuma gwada DNA da na dangi.

Labarin Laftanar Michael Blassie ya ishe mu misali. An harbo jirginsa a Vietnam a 1972. A 1984 aka binne wasu ƙasusuwa a Kabarin Sojojin da Ba a Sani Ba, a maƙabartar Arlington, ba tare da suna ba. A 1998 aka tono su bisa roƙon iyalinsa, gwajin DNA ya nuna nasa ne. Bayan shekara 26 da ɓacewarsa, mahaifiyarsa ta ga an binne ɗanta a jiharsu ta Missouri, da sunansa a kan kabari.

Duk da haka, dubban iyalai na nan suna jira, wasu ma jikoki ne suka gaji jiran. Idan muka ga adadin waɗanda yaƙi ya ci a littafin tarihi, mu tuna kowanne ɗan wani ne, kuma akwai gidan da har yau ba a kai masa labari ba.