Behentrimonium chloride

Behentrimonium chloride wani sinadari ne mai kama da kakin zuma, fari ko mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda ake sawa a man tausasa gashi na bayan wanke kai da wasu mayukan shafawa. Aikinsa shi ne sa gashi laushi da sauƙin tajewa.

Asalin suna

Sunan ya samo tushe daga behenic acid, wani nau'in kitse mai jerin kabon 22. Shi kuma an raɗa masa suna ne daga man ben, wato man da ake tatsa daga 'ya'yan zogale. Zogalen dai da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli a Katsina. Akwai ɗan wannan kitse a man gyaɗa ma, amma masana'antu sun fi samo shi daga man kanola.

Yadda yake aiki

Kan ƙwayar sinadarin yana ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa, gashi kuwa nasa na ɗebewa ne. Don haka sai kan ya manne wa silin gashi, doguwar jelarsa mai maiƙo ta kwanta a kai, ko an ɗauraye ba ya fita duka. Gashin da man miƙar da gashi ko rini ya cinye ya fi kama shi, domin cajinsa ya fi yawa. A wurare irin su Katsina amfaninsa ya fi bayyana da hunturu, lokacin da iska ke bushewa, gashi yana karyewa a bakin mataji kafin a kai ga kitso.

Sai dai shafe ne kawai, ba ya gyara silin da ya riga ya lalace, kuma ba ya sa gashi tsiro. Haka nan ba ya shiri da sabulu: idan aka cakuɗa shi da sabulun salo, cajin biyu kan kama juna, aikin ya ɓaci. Shi ya sa ake wanke kai a ɗauraye tukuna kafin a shafa.

Ƙa'ida

Idan ya yi yawa yana iya ƙona ido da sa ƙaiƙayin fata. A shekarar 2014 Tarayyar Turai ta iyakance shi zuwa kashi 5 cikin ɗari a man gashin da ake ɗaurayewa, da kashi 3 a wanda ake bari a kai ko a fuska. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke yi wa kayan kwalliya rajista. Man da ake ɗurawa a robobi marasa rubutu ana sayarwa a kasuwa, mai saye ba shi da hanyar sanin adadin da aka zuba a ciki.