Gansakuka: Daga Kududdufan Ɓatagarawa Zuwa Tafkin Cadi

A wurin Bahaushe gansakuka ƙazanta ce. Idan damina ta ja baya, kududdufan Ɓatagarawa sukan rufe da ita kore shar, har mai ɗiban ruwa ya sa ƙwarya ya ture ta gefe kafin ya kamfata. Kainuwa dai ta sami kirari, ana ce mata dashen Allah. Gansakuka kuwa ko wannan ba ta samu ba.

Masana tsirrai sun nuna cewa wannan koren abu taro ne na ƙananan halittu, waɗanda da yawansu ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya sai da madubin ƙara girma. Ba su da saiwa, ba su da ganye. Da hasken rana suke rayuwa, suna zuƙar iskar kabon, watau iskar nan da hayaƙin injuna ke ƙara yawanta, mai jawo ɗumamar duniya. Kafin a sami kilo 1 na busasshiyar gansakuka, ta sha kusan kilo 2 na wannan iska.

Akwai irin da ake ci, kuma ba a nesa yake ba. A ƙasar Kanem, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani iri daga tafkunan kanwa. Sukan zuba shi cikin ɗan rami a kan rairayi, ruwa ya tsane, rana ta busar, su yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Sunansa dihe, da shi ake miyar tuwon gero. A 1964 wani masani ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, wadda yau ake kira Njamena. Bincike ya tabbatar shi ne sifirulina, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na busasshensa abinci ne mai gina jiki. Wake bai kai rabin haka ba.

Sirrin nomansa kanwa ce, abin da ba ya yankewa a madafin Bahaushiya. A ruwa mai kanwa yake yaɗo, inda sauran ire-iren ba su iya zama. Ana gina kwami marar zurfi, a zuba ruwa da kanwa da ɗan taki, a sa iri, a riƙa motsawa. Ba ya cin ƙasar noma, zafin Katsina kuma bai dame shi ba, sai dai rani yana shanye ruwan kwami, ƙurar hunturu tana ɓata shi, don haka akan yi masa rumfa.

Ba kowace gansakuka ce dihe ba. Inda ruwan sama ke wanko takin zamani daga gonaki zuwa madatsa, kamar yadda zai iya faruwa a ta Ajiwa wadda birnin Katsina ke sha, wasu ire-iren sukan yi yawa, cikinsu har da masu dafin da ke kashe kifi da dabbobi.