Laurence Graff: Yaron Shago da Ya Zama Sarkin Daimon

A watan Disamba na 2008, ana tsakiyar rikicin tattalin arzikin da ya durƙusar da manyan bankunan Turai da Amurka, wani ɗan kasuwar Ingila mai suna Laurence Graff ya biya fam miliyan 16.4 a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan, ya sayi wani shuɗin daimon mai nauyin giram 7 kacal. Sunan dutsen Wittelsbach. A Indiya aka haƙo shi, ya daɗe a taskar sarakunan Habsburg, a 1722 aure ya kai shi gidan sarautar Bavaria ta Jamus, har aka ɗora shi a kan kambinsu. Abin da aka saba shi ne, wanda ya sayi irin wannan kayan tarihi ya kulle shi a akwatin ƙarfe, ya jira farashi ya tashi. Graff sai ya miƙa shi ga masu yankan dutsensa, ya ce a rage shi.

Da aka gama aiki, dutsen da ya shigo da karat 35.56 ya fita da karat 31.06. Kusan karat huɗu da rabi sun zama ƙura. Masana tarihi, musamman a Jamus, suka yi ca a kansa, wasu suka ce abin da ya yi daidai yake da mutum ya sayi tsohon zanen Rembrandt ya shafe shi da sabon fenti. Shi kuwa hujjarsa ita ce gefen dutsen duk ya ɓantare saboda tsufa, kuma gyaran ya fito da shuɗinsa ya kawar da tabonsa. A 2010 aka baje shi a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington, gefe da gefe da shahararren daimon nan na Hope, yanzu da sabon suna: Wittelsbach-Graff. A ganina masu ƙorafin suna da gaskiya, domin abin da ya shekara ɗari uku a siffa ɗaya ba na mai kuɗi kaɗai ba ne. Amma duk wanda yake son sanin yadda sunan Graff ya girma, a wannan aikin zai gani. Mutumin ba ya tsoron asarar nauyi in dai dutsen zai ƙara haske, kuma a kan wannan ya gina gidansa.

An haife shi a 1938 a Stepney, unguwar talakawa a gabashin Landan, a gidan Yahudawa 'yan cirani. Mahaifinsa tela ne mai ɗinkin kwat. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta ya shiga koyon aiki a Hatton Garden, layin masu zinare da daimon na Landan. Aikin yaron shago ya yi, shara da goge-goge da aike. Wata uku kawai ya yi maigidan ya sallame shi, ya ce masa ba shi da rabo a wannan sana'a. Bai bar layin ba. Ya koyi gyaran zobba, ya haɗa gwiwa da wani dattijon maƙeri suka buɗe ɗan shago, shagon ya karye, sai ya ɗauki jaka ya shiga bin garuruwan Ingila yana tallar zobban da ya ƙera ga masu kanti.

Akwai labarin da shi kansa ya sha bayarwa game da wannan lokaci. Wani dillali ya ba shi ƙananan daimon guda 33 bashi, a kan fam 60. Kowane maƙeri a layin zai raba su ne a zobba masu yawa, kowanne da ɗan ƙwayarsa, ya sayar da araha. Shi sai ya tattara su duka a zobe ɗaya, suka haɗu suka ba da walƙiya kamar babban dutse guda, ya sayar fam 100 ga wani mai kanti a garin Blackpool. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ya gano abin da mai saye yake nema: ba ya ƙirga duwatsu, hasken da zai dake shi a ido yake biya.

A 1960 ya kafa kamfanin Graff Diamonds, yana ɗan shekara 22. Kafin 1962 ta ƙare yana da kantuna biyu. Ingila ta lokacin ba ta da masu sayen manyan duwatsu da yawa, don haka ya riƙa ɗaukar kayansa zuwa ƙasashen gabashin Asiya, irin su Singafo, yana baje su da kansa. Fitar da kayan ya yi yawan da a 1973 aka ba shi lambar yabo ta Sarauniya da a lokacin ake ba kamfanonin da suka yi fice. A 1974 ya buɗe babban kanti a Knightsbridge, kuma sa'a ta zo masa daidai kan gaɓa: farashin man fetur ya ninka har sau huɗu bayan takunkumin da Larabawa suka sa a 1973, attajirai da 'ya'yan sarautar yankin Gulf suka cika Landan da kuɗi a hannu. Tsofaffin gidaje irin su Cartier suna taƙama da asali da sunayen sarakunan da suka yi wa aiki. Graff ba shi da asalin da zai nuna, sai manyan duwatsu. Sarkin Brunei ya zama ɗaya daga cikin manyan masu cinikinsa.

A nan sai mai karatu ya ajiye lissafin da ya saba da shi. Idan Hajiya ta shiga layin 'yan gwal da sarƙarta, mai shago zai ɗora ta a sikeli, ya duba farashin giram na ranar, ya cire kuɗin aiki, magana ta ƙare. Ko sarƙar ta tsinke, zinarenta yana nan. Daimon ba haka yake ba. Nauyi ɗaya ne kawai daga abubuwa huɗu da ake dubawa, kuma karat ɗin daimon awon nauyi ne, biyar ke yin giram ɗaya. Sai launi, wanda cibiyar GIA ta Amurka ta jera daga harafin D, fari tas kamar ruwa, har zuwa Z mai ɗorawa-ɗorawa. Sai tsafta: shin in an duba da madubin da ke ƙara girman abu sau goma, ana ganin tabo ko tsaga a ciki? Na huɗu shi ne yanka, kuma shi kaɗai ne a hannun ɗan Adam. Duwatsu biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya zai iya ninka ɗan'uwansa kuɗi sau da yawa.

Ɗanyen daimon ba abin kallo ba ne. In ka tsince shi a ƙasa za ka iya ɗaukarsa fasasshen kwalba da ya sha yashi. Abu na farko da gwani yake yi shi ne ya goge ɗan wuri kaɗan a jikinsa, ya buɗe taga, ya leƙa ciki. Yanzu akwai na'urar da ke ɗaukar hoton cikin dutsen ta nuna wa kwamfuta inda kowane tabo yake, amma shawarar ta mutum ce: a fitar da babba ɗaya mai ɗan tabo, ko matsakaita uku masu tsafta? A kan babban dutse ana iya shafe watanni ana wannan muhawara ba a taɓa shi ba. In an tsaya a kan magana, sai a raba shi da hasken leza. Nan ne gaban kowa ke faɗuwa, domin wani dutsen yana da ɓoyayyen rauni a ciki, zafi na taɓa shi sai ya tsage ta inda ba a so, miliyoyi su tafi cikin ƙiftawar ido.

Sannan aikin guga, wanda har gobe na hannu ne. Faifan ƙarfe ne ke juyawa da gudu, an shafe shi da mai da garin daimon, domin babu abin da ke cin daimon sai ɗan'uwansa. Mai guga yana riƙe dutsen da wani maƙami, ya ɗora shi a faifan na 'yan daƙiƙu, ya ɗaga, ya kai madubi ido, ya mayar. Haka zai wuni. Dutsen yana da gaɓa: ta wani ɓangaren yana gogawa, ta wani kuwa ko ka kwana a kai ba zai motsa ba, sai ma ya ci faifan. Zagayayyen yankan da aka fi sani yana da fuskoki 57 ko 58, kowace da kusurwarta. In ƙasan dutsen ya yi zurfi da yawa ko ya yi faɗi da yawa, hasken da ya shiga ta sama sai ya zube ta ƙasa, dutsen ya mutu a ido. Abin da aka goge kuma ba ya dawowa.

Graff ya fahimci cewa muddin gogaggen dutse yake saye, wani ne ya riga shi cin romon. A 1998 ya sayi kaso mafi tsoka a kamfanin Safdico, mai sayen ɗanyen daimon yana yankawa a Johannesburg da Antwerp ta Beljiyam. Daga nan dutse kan fito daga rami, ya bi ta masana'antarsa, ya ƙare a kantinsa. A 2006 mahaƙar Letšeng da ke kan tsaunukan Lesotho ta fitar da dutse mai karat 603, aka sa masa suna Lesotho Promise. Ya saya a kan kimanin dala miliyan 12.4. Aka fitar da duwatsu 26 daga cikinsa, dukkansu masu launin D marasa tabo, jimillarsu karat 223.35, aka jera su a sarƙar wuya guda. A lissafa: kusan kashi biyu cikin uku na dutsen ya tafi. Dabarar nan ce dai ta zoben fam 100, an ƙara mata girma.

Mafi girman cacarsa ita ce Lesedi La Rona, mai karat 1,109, wanda kamfanin Lucara ya haƙo a Karowe ta Botswana a watan Nuwamba na 2015. A lokacin, tun bayan dutsen Cullinan na 1905 ba a ga daimon mai daraja da ya kai shi girma ba. Aka kai shi gwanjon Sotheby's a Landan a 2016, tayi ya tsaya a dala miliyan 61, masu shi suka ce albarka. Graff ya yi shiru har shekara ta zagayo, a watan Satumba na 2017 ya saye shi a dala miliyan 53. Dutsen ya fi ƙarfin na'urorin da ake da su, sai da aka ƙera masa tasa. Bayan kimanin wata 18 ana aiki, a 2019 aka fito da babban dutse mai kusurwa huɗu, karat 302.37, tare da ƙannensa 66.

Masu son ƙira kan ce kayan Graff ba su da wata sabuwar fasaha, kuma ba su yi ƙarya ba. Wanda ke neman zobe mai siffar damisa ko sarƙa mai ban mamaki, wani gidan zai nufa. A wurin Graff, ƙarfen da ke riƙe dutsen ana rage shi ne har ya kusa ɓacewa, don a ga kamar duwatsun ne kawai a kwance a wuya. Maƙerin da ya iya ɓoye aikinsa haka ba ƙaramin gwani ba ne, sai dai ba shi ake yabo ba. Suna kuma yana da nasa nauyin. A watan Agusta na 2009 wasu mutum biyu sanye da kwat, an sauya musu kamanni da kwalliya, suka shiga kantinsa na New Bond Street da bindiga suka kwashe kaya 43 na kusan fam miliyan 40. A 2012 ya yi shirin sayar da hannun jari a kasuwar Hong Kong, kasuwa ta yi sanyi ya fasa. Kamfanin yana nan a hannun iyali, ɗansa François ne ke jan ragamarsa, da kantuna fiye da 50 a duniya.

Akwai ɓangaren da tallar kamfanin ba ta cika tsayawa a kai ba. A watan Maris na 2017 wasu leburori da ke haƙa wa wani fasto a yankin Kono na Saliyo suka tsinci dutse mai karat 709. Maimakon a fitar da shi ta ɓarauniyar hanya, aka miƙa shi ga gwamnati. A gwanjon farko a Freetown aka taya dala miliyan 7.8, gwamnati ta ce ya yi kaɗan. Aka kai shi New York, a watan Disamba Graff ya saya a dala miliyan 6.5, kuma fiye da rabin kuɗin haraji ya ci. Ba za a ce ya cuci kowa ba. Gwanjo ne a bainar jama'a, dutsen ma ba mai tsafta sosai ba ne. Amma duk wanda ya ga hoton ƙauyen da aka tono shi, ba ruwan famfo ba lantarki, ya san kura ce ke shan bugu gardi na karɓar kuɗi. Mai rami ba shi da faifan guga, ba shi da kanti, ba shi da idon da zai ce ga abin da ke cikin dutsen, don haka abin da aka taya shi zai karɓa.

Botswana ce ta fi kowa gane wannan a Afirka. Ta matsa wa kamfanin daimon na De Beers lamba har a 2013 kamfanin ya kwashe cinikin ɗanyen daimon ɗinsa daga Landan ya mayar Gaborone, akwai kuma masana'antun yanka a ƙasar, har da Safdico na Graff. A yarjejeniyar da suka sa wa hannu a farkon 2025, kason duwatsun da ƙasar za ta riƙa sayarwa da kanta zai tashi daga kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, yana hawa har ya kai kashi 40 cikin shekara goma.