Bakteriya da Tsirrai a Madadin Ɗanyen Mai

Tsamin da ake ji a nono aikin bakteriya ne, waɗanda ke cin sukarin madara su mayar da shi asid mai suna laktik. Wannan aikin ne masana'antu suka faɗaɗa. Masana kan sauya ƙwayoyin gadon bakteriya, su toshe hanyoyin da sukari ke salwanta a jikinsu, domin abin da suka ci daga tsirrai ya koma asid iri ɗaya, kamar laktik ko saksinik, da ake yin roba da fenti da magunguna da su.

Tsadar ɗanyen mai da damuwa kan ɗumamar yanayi su suka zaburar da harkar. A 2004 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sanya saksinik cikin sinadarai 12 da ta ga ya dace a riƙa samarwa daga tsirrai. Nan da nan masu jari suka shigo. Kamfanin Myriant ya kafa masana'antar saksinik a Luwiziyana da bakteriyar E. coli da aka sauya wa halitta, kamfanonin BASF da Corbion kuwa suka buɗe tasu a Sifaniya a 2014, da bakteriyar da aka samo daga tumbin saniya.

Ilimin ya yi aiki, amma kasuwa ta ƙi. Gangar mai da ta haura dala 100 a 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, sai asid ɗin da ake samu daga mai ya fi araha. Kamfanin BioAmber, wanda ya buɗe masana'anta a Kanada a 2015, ya durƙushe a 2018.

Akwai kuma cikas a cikin tukunyar da ake kiwon bakteriyar kanta. Yawancin bakteriya ba sa jure tsamin da suke samarwa, dole a riƙa kashe shi da sinadari, sannan a kashe kuɗi wajen tace asid ɗin. Sukarin masara da rake ya fi sauƙin sarrafawa, amma yana gogayya da abincin mutane. Kara da ɓuntu ba sa sakin sukarinsu sai an dafa su da zafi da sinadarai, dahuwar kuma tana haifar da guba irin su furfural da ke raunana bakteriyar.

Ko karan ma ba kyauta ba ne. A ƙasar Hausa abincin dabbobi ne, makamashi ne, da shi ake darni, wanda ya rage a gona kuma taki ne. Saboda haka ɗorewar wannan sana'a ta rataya ne a kan samun bakteriya masu jure tsami da guba, da kuma ragowar amfanin gona da za a ɗiba ba tare da an cuci dabba ko ƙasa ba.