Daga Alƙali Cameron Zuwa Sashe na 148 na Dokar Sudan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗalibai sun tambaye mu labarin Edwin Cameron, lauyan Afirka ta Kudu wanda ya faɗa da bakinsa cewa shi mai neman jinsi ɗaya ne. Shugaba Mandela ya naɗa shi alƙali a 1994, ya shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2001, sannan Kotun Tsarin Mulki daga 2009 zuwa 2019. Kundin tsarin mulkin ƙasarsu na 1996 ya hana a nuna wa mutum bambanci a kan haka.

A Sudan kuwa, sashe na 148 na dokar laifuka ta 1991 ya ɗauki luwaɗi laifi ne. A watan Yulin 2020, zamanin ministan shari'a Nasruddin Abdulbari, aka cire kisa da bulala, aka bar ɗauri. Wasu masallata sun yi zanga-zanga a Khartum saboda sauye-sauyen.

Haramcin aikin ba ya da saɓani a mazhabobi huɗu, kuma Imam Mawardi ya sanya adala cikin sharuɗɗan alƙali. Haka ake karantarwa a zaurukanmu.

To, amma 'yan'uwa, hukunci aikin kotu ne, da shaidu. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. A mazhabar Malikiyya, wanda ya jefi wani da luwaɗi ba hujja, bulala 80 ce a kansa. Saboda haka duk wanda ya yaɗa zargi a WhatsApp, ko ya tara matasa a daki wani, shi ma ya saɓa wa Shari'a.

Allah Ya tsare mana harsunanmu. Wallahu a'alam.